Mako biyu a Burazil: ina za a je, me za a ci, kuma ina ake tuntuɓe?

Nura Gwale:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san Burazil. Mutum ne da fasfon Najeriya da hutun mako biyu, yana son ya ga Rio, ya shiga dajin Amazon, ya ga magangarar ruwan Iguaçu, in da hali ya leƙa Ajantina. Ta ina ake farawa? Kuma ƙasar ta kai a zuba mata wannan uban kuɗin jirgi?

Alhaji Ɗanlami:
Wa alaikumus salam Malam Nura. Ta kai, amma sai ka rage buri. Faɗin Burazil ya haura murabba'in kilomita miliyan 8.5, wato ta ninka Najeriya sau tara da ɗoriya. Daga Sao Paulo zuwa Manaus, ƙofar Amazon, awa huɗu ne a jirgin sama. Cikin kwana 14 ɗinka, biyu na hanya ne, zuwa da dawowa. Sauran 12 ɗin in ka raba su wuri biyar, filayen jirgi kawai za ka gani.

Ga yadda zan tsara: kwana biyu a Sao Paulo tunda nan za ka sauka, uku a Foz do Iguaçu, huɗu a Rio, uku a Salvador. Duk tsakaninsu jirgin awa biyu ne ko kusa da haka. Amazon ka bar shi sai wata tafiyar.

Maganar hanya kuma, nan mutanenmu suka fi yin asara. Tikitin da ya fi araha a intanet sau da yawa ta Turai yake bi, Lisbon ko Paris ko Madrid. Mai fasfon Najeriya ko Ghana yana buƙatar bizar wucewa ko da ba zai fita daga filin jirgin ba, sai dai in yana cikin waɗanda aka ɗauke wa, kamar mai bizar Amurka ko Kanada da ba ta ƙare ba. In babu, tun a Abuja za a hana ka hawa, tikitin araha kuma ba a mayar da kuɗinsa. Ta Amurka ma sai da biza. Hanyoyin da suka fi kwanciyar hankali su ne ta Addis Ababa da jirgin Habasha (wajen awa biyar daga Kano ko Abuja, sannan wajen 12 zuwa Sao Paulo), ta Luwanda da jirgin Angola, wadda ta fi gajarta ga mai tashi daga Legas, ko ta Kasablanka, Doha, Dubai ko Istanbul. Na Doha da Dubai sun fi tsawo, zangon ƙarshen kaɗai ya kai awa 14.

Ɗan Maraɗi:
Alhaji, ni fa ban ga dalili ba. Da kuɗin nan mutum zai yi Umara ya biya ta Turkiyya ya dawo da canji. A Burazil ba Turanci, ba Faransanci, abinci duk alade, ga 'yan ƙwace. Me ake zuwa gani, gunki a kan dutse da mata a bakin teku?

Malam Habu:
Ɗan Maraɗi, in Rio kaɗai ka sani a talabijin, maganarka tana kan hanya. Amma Bahaushe yana da abin gani a Burazil da ba shi da shi a Istanbul. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804 sun jefa Hausawa da yawa hannun fataken bayi, aka gangara da su bakin teku, aka tsallaka da su jihar Bahia. Tun a 1807 hukuma ta bankaɗo wani shirin bore na Hausawa a Salvador. An sake yi a 1809, sannan a 1814 a Itapuã, inda ake sana'ar kamun kifi, wanda yanzu unguwa ce ta bakin teku a cikin birnin.

Babban shi ne na daren 24 wayewar 25 ga Janairu 1835, cikin watan azumi, wanda ake kira boren Malê, sunan da ake kiran Musulmin Afirka da shi a can. Kada a yi ƙarin gishiri, mafi yawansu Yarabawa ne Musulmi, amma akwai Hausawa a ciki, har da wani malami ɗan kasuwar taba da ya fanshi kansa, ana ce masa Dandará. Wajen mutum 600 suka fito sanye da fararen riguna. An tona asirinsu kafin lokacin da suka tsayar, shi ya sa faɗan ya ɓarke tun cikin dare a wani gida da ke Ladeira da Praça. Suka yi ƙoƙarin fasa kurkukun da ke ƙarƙashin ginin majalisar birni don su fitar da wani dattijon malami, abin bai yiwu ba. A Água de Meninos sojan doki suka murƙushe su. A jikin waɗanda suka mutu an samu layu da takardu da rubutun Larabci, ayoyi da addu'o'i, wasu suna ajiye har yau a ma'adanar tarihi ta jihar Bahia. An harbe huɗu a Campo da Pólvora a watan Mayu na shekarar, aka yi wa da yawa bulala, aka kori ɗaruruwa zuwa Afirka.

Yawancin wuraren nan da ƙafa ake zaga su. Ka tsaya a dandalin majalisar birni, inda na'urar Elevador Lacerda take sauke mutane mita 72 zuwa ƙasan gari, Ladeira da Praça na nan gefenka. Minti kaɗan ka isa Pelourinho, tsohon garin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1985. Salvador ce hedikwatar ƙasar daga 1549 zuwa 1763. Gidan tarihin Afirka da Burazil yana Terreiro de Jesus. Abin da ke faruwa dai shi ne ba alluna da yawa da ke bayani, don haka in ba ka karanta labarin tun daga gida ba, ko ba ka ɗauki ɗan jagora da ya san shi ba, za ka wuce ta gefen wurin kana kallon fentin gidaje.

Baba Zango:
Malam Habu, Allah ya ƙara sani. Zaren bai tsinke a can ba. Waɗanda suka dawo su ne Tabom na Accra, gidansu Brazil House yana nan a Jamestown. Na Legas kuma su ne Aguda, kuma wani magini daga cikinsu ne ya gina masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894. Wanda ya san tsofaffin gidajen tsibirin Legas zai gane zubin tagogi da barandun Salvador.

Hajiya Turai:
Bari in amsa wa Ɗan Maraɗi batun abinci, don rabin maganarsa gaskiya ce. Haɗarin ba a naman da kake gani a faranti yake ba, a wanda ba ka gani yake. Abincin yau da kullum a can shinkafa ce da wake da nama. Waken ne matsala: gidajen abinci da yawa da kitsen alade ko guntayensa suke dafa shi don ɗanɗano. Haka farofa, soyayyen garin rogo da ake barbaɗawa a kan abinci, sau da yawa da alade a ciki. Ganyen couve, wani ganye dangin kabeji, ma haka. Feijoada kuwa, abincin da suke alfahari da shi, baƙin wake ne da kunne da ƙafa da wutsiyar alade, kada ma ka tambaya.

Cewa "sem porco", wato ban da alade, bai isa ba, domin ma'aikacin zai ɗauka tsokar kake nufi. Ka rubuta waɗannan a waya ka riƙa nunawa: bacon, toucinho, linguiça, calabresa, presunto, torresmo, banha, lombo, pernil, costelinha. Ka nuna waken ka tambaya, ka nuna garin ka tambaya. Caipirinha kuma da za a yi ta miƙo maka a bakin teku, ba lemun tsami ba ne, giyar rake ce a ciki.

Inda ya fi sauƙi shi ne gidan abinci na awo, ana rubuta "por quilo" a ƙofa. Kai za ka zuba abin da kake so, a ɗora farantin a sikeli, a ba ka takarda ka biya a bakin fita. Kada ka yar da takardar nan ko katin, ana cin tara. A nan za ka zaɓi farar shinkafa, kifi, ƙwai, dafaffen rogo, ganye da 'ya'yan itace, ka bar abin da kake shakka. Da rana suka fi buɗewa, daga sha ɗaya da rabi zuwa uku.

A Salvador kuwa ciki zai ji kamar a gida. Acarajé ƙosai ne, babba, an soya shi da manja, a tsaga shi a cusa vatapá, wani kwaɓi mai kauri na burodi da madarar kwakwa, da miyar kuɓewa da busasshen jatan lande. In mai sayarwa ta tambaye ka "quente", yaji take nufi, kuma yajinsu ba wasa. Moqueca kifi ne da madarar kwakwa da manja a kaskon ƙasa, kwano ɗaya yana isar mutum biyu. Sannan akwai wanda sunanmu yake kai, arroz de hauçá, wato shinkafar Hausawa: shinkafa ce da aka dafa ta yi luguf har ta kama jikinta, a ɗora mata soyayyen busasshen naman sa da albasa. Ba kowane gidan abinci ke yin ta ba, sai na gargajiya.

Nura Gwale:
Hajiya, na gode. To ai na ji Burazil ce ke kai wa Saudiyya kajin halal. Ashe ba za a ci nama hankali kwance ba?

Hajiya Turai:
Ita ce kan gaba a duniya wajen fitar da kajin halal, amma wancan layin fitarwa ne. Naman da ke kasuwar cikin gida ba a yi masa alama ba, mai gidan abinci ma bai san yadda aka yanka ba. Hukuncin yankan Ahlul Kitabi wannan na malamai ne, kowa ya tambayi nasa kafin ya tashi. Wanda yake son yankan Musulmi tsantsa zai samu a Sao Paulo, unguwannin Brás da Pari, da kuma Foz do Iguaçu inda 'yan Labanan suke da yawa. A Rio da Salvador sai an nema da gaske, kifi ya fi sauƙi.

In za ka gidan gashi irin na rodízio, inda ake biyan kuɗi ɗaya a yi ta kawo nama a tsinken ƙarfe, ka lura: ana ba ka ɗan kati, kore a kawo, ja a dakata. Tsiran alade da kaza da aka naɗe da alade ne suke fara zagayowa, kuma wuta ɗaya ake gasa su da naman sa, wani lokaci wuƙa ɗaya. Picanha ce tsokar da ake zuwa dominta. A takardar kuɗi za ka ga an ƙara kashi 10 na hidima, al'ada ce, ba cuta ba.

Injiniya Sani:
Ni in aka ce in zaɓi wuri ɗaya a ƙasar, Foz do Iguaçu zan ɗauka, kuma kwana ukun da Alhaji ya ba ta bai yi yawa ba. Magangarar ba guda ɗaya ba ce, wajen 275 ne jere a faɗin kilomita 2.7. A ɓangaren Burazil za ka yanki tikiti a ƙofar gandun dajin da magangarar take ciki, motar gandun ta kai ka bakin hanya, ka taka kilomita ɗaya da ɗan wani abu a gefen kwazazzabo. A ƙarshe akwai gadar ƙafa da ta shiga tsakiyar kogi, ta tsayar da kai gaban Garganta do Diabo, inda ruwa yake faɗowa daga tsayin wajen mita 80. A nan ba ka jin maganar na kusa da kai, feshin ruwa kuma cikin minti biyu ya jiƙa ka sharkaf. Fasfo da waya a sa su cikin leda mai zif tun kafin a hau gadar. Ka je da safe da zarar an buɗe, kafin motocin 'yan rukuni su iso. Akwai wasu dabbobi masu dogon hanci da jela mai zobe, quati, suna yawo cikin mutane. Kada ka ba su abinci, kada ka riƙe leda a hannu, suna fizga kuma suna cizo, cizon kuma sai an je asibiti allura.

Rana ta biyu madatsar ruwa ta Itaipu, ta haɗin gwiwar Burazil da Faragwai a kan kogin Paraná. Injina 20, kowanne megawat 700, jimla 14,000. Kainji gaba ɗayanta injinan da aka kafa mata 760 ne ƙarfinsu, ka ga inji ɗaya na can ya kusa kamo ta. Tsayin bangon mita 196, tsawonsa kusan kilomita takwas. A 2016 ta samar da wutar da ta haura megawat-awa miliyan 103. Ziyara iri biyu ce: ta zagaye a mota, da ta musamman wadda ake shiga ciki har ɗakin sarrafawa da wurin da sandar inji take juyawa. Ta biyun ita ce abin gani, amma sai an kama wuri tun da wuri, a zo da fasfo, a sa rufaffen takalmi. Da silifas za a mayar da kai.

Ga kuma masallacin Umar Ibn Khaɗɗab a cikin gari, fari mai babbar ƙubba, an gina shi a farkon shekarun 1980. In ka daidaita kwanakinka Juma'a ta same ka a Foz, ka huta.

Alhaji Ɗanlami:
Injiniya ya tsallake tarkon da ke Foz. Ƙasa uku ce ta haɗu a wurin. Mafi yawan magangarun a ɓangaren Ajantina suke, kuma kowane otal zai tallata maka ziyarar yini ɗaya zuwa can. Bizar Burazil ba ta shigar da kai Ajantina, ba ta shigar da kai Faragwai. Mai fasfon Najeriya sai ya nemi kowacce daban tun daga gida. Gadar da ta haɗa Foz da Ciudad del Este, kasuwar kayan lantarki ta Faragwai, mutane suna tsallaka ta a ƙafa ba mai tambayarsu, shi ya sa baƙo yake ganin shi ma zai bi. Ranar da aka tare shi a can ba biza ba hatimi, ya shiga ƙasar mutane ba izini ke nan. Ko kana da bizar Ajantina, duba taka ta Burazil ko ta shiga sau da yawa ce kafin ka fita.

Ita bizar Burazil ana cike fom a intanet, a ɗora hoto da takardu, sannan a kai fasfo ofishin jakadanci a Abuja ko ƙaramin ofishi a Legas. Akwai ofishin a Accra da Yawunde. Bizar ziyara tana ba da zama har kwana 90. Za a nemi shaidar tikitin zuwa da dawowa, masauki, takardar banki da ta wurin aiki ko kasuwanci. Abin da ya fi kayar da mutane shi ne a zuba kuɗi mai yawa a asusu mako guda kafin nema, ba shige da fice a baya. Kada ka sayi tikitin da ba a mayarwa kafin biza ta fito.

Dakta Rabi:
Katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa, ya zama a hannu. Allurar tana fara aiki bayan kwana 10, kuma tun 2016 sau ɗaya ta wadatar har ƙarshen rai. Ba don takarda kawai ba, cutar ta ɓarke a jihohin Minas Gerais da Sao Paulo da Rio a 2017 da 2018. Zazzaɓin cizon sauro na maleriya a yankin Amazon yake, ba a wuraren da Alhaji ya lissafa ba. Wanda ke ko'ina shi ne dengue, saurayensa da rana yake cizo, ya fi yawa lokacin zafi da ruwa. In zazzaɓi ya kama ka da ciwon gaɓoɓi da ciwon bayan ido, kada ka sha asfirin ko ibuprofen, suna ƙara haɗarin zubar jini. Farasitamol da ruwa mai yawa, sannan asibiti. Kuma in ka dawo gida zazzaɓi ya taso, ka gaya wa likita inda ka fito, kada a yi ta ɗura maka maganin maleriya.

Lambar motar asibiti 192, 'yan sanda 190, 'yan kwana-kwana 193. Asibitin gwamnati yana duba baƙo kyauta in gaggawa ce, amma akwai layi, inshorar tafiya ta fi. Teku kuma, Malam Nura, wanda ya koyi iyo a kududdufi ko dam kada ya gwada Copacabana. Igiyar ruwa tana ja ta ƙasa, jar tuta na nufin kada a shiga.

Ɗan Maraɗi:
To na ji na tarihi da na ruwa. Amma 'yan ƙwacen fa? Duk kun yi shiru. Ni a ganina a cire Rio ma gaba ɗaya, kwana huɗun a ba Salvador.

Injiniya Sani:
Ba a yi shiru ba. Ƙwacen waya gaskiya ne, a Rio da Sao Paulo da Salvador duka, galibi yara a keke ko babur. Dokokin kaɗan ne. Waya ba ta fitowa a bakin titi, in za ka duba taswira shiga shago. Ba agogo mai tsada, ba sarƙa, Hajiyoyi a bar gwal a gida. Fasfo ya zauna a akwatin otal, ka yawo da kwafinsa. Bayan magariba ba a tafiya a kan yashin bakin teku, tsakiyar birni kuma ranar Lahadi wayam yake, ba lokacin yawo ba ne. Da dare ka kira mota ta manhajar Uber ko ta 99, ka duba lambar mota kafin ka shiga. In an tare ka, miƙa, kada ka yi gardama. Kada ka ɗauki motar haya ka tuƙa da kanka a Rio, domin taswirar waya tana iya yanke da kai ta cikin unguwar da 'yan bindiga ke riƙe da ita, kuma sun sha buɗe wa baƙuwar mota wuta.

Amma cire Rio kuskure ne. Ba gunkin Almasihu da ke kan dutsen Corcovado ake hawa gani ba, birnin ake hangowa: duwatsu, daji, teku da tafki duk a cakuɗe da gidaje. Dutsen Corcovado ya kai mita 700, jirgin ƙasa daga Cosme Velho yana ratsa dajin Tijuca cikin minti 20. Tikitin na da lokaci, kuma in gajimare ya rufe ƙoƙon dutsen ba abin da za ka gani sai fari fat. Ka ɗaga kai ka duba tukuna kafin ka saya. Wanda bai son zuwa wurin gunki, dutsen Pão de Açúcar ya ishe shi, mita 396, ana hawa da keken igiya zango biyu daga Praia Vermelha, kuma gab da faɗuwar rana ya fi. Mai son ƙwallo ga filin wasan Maracanã, jirgin ƙarƙashin ƙasa yana ajiye ka a ƙofarsa.

Malam Habu:
Ni kam ina tare da Ɗan Maraɗi rabi. Rio uku, Salvador huɗu. Kwana ɗaya na ƙarin a tafi Cachoeira, wajen awa biyu a mota, yankin gonakin rake da taba inda aka kai yawancin bayin.

Hajiya Turai:
Ga masu tafiya da iyali: hijabi ba wanda zai hana, kallo dai za a sha, wasu ma su tambaya cikin fara'a. Fiye da rabin mutanen ƙasar baƙaƙe ne ko ruwa biyu, a Salvador ma sun fi haka nesa, don haka in kana cikin ƙananan kaya ba mai gane baƙo ne sai ka buɗe baki. Turanci kuwa da wuya ka samu a wajen manyan otal. A sauke Fotugis a manhajar fassara don ta yi aiki ko ba intanet. A jirgin ƙasan Rio akwai tarago na mata zalla lokacin cunkoso.

Wurin kwana a nemi hotel ko pousada. Wanda aka rubuta motel ɗakin awa ne na masoya, kada araha ta ja ka kai iyali. Banɗakuna da yawa suna da ɗan tiyo na tsarki a gefen masai, amma ba duka ba, ƙaramar buta ba za ta yi nauyi a jaka ba. Masallatai: Mesquita Brasil a Cambuci, Sao Paulo, shi ne mafi daɗewa a ƙasar, akwai na Pari, a Rio akwai Mesquita da Luz a Tijuca, a Salvador akwai cibiyar Musulunci a unguwar Nazaré. Alƙibla gabas ce da karkata zuwa arewa. Agogonsu yana bayan namu da awa huɗu.

Lokacin bikin Carnaval, Fabrairu ko farkon Maris, da daren sabuwar shekara, kuɗin ɗaki yana ninkawa, tituna a toshe, kuma abin da ido zai gani ba na mai iyali ba ne.

Nura Gwale:
Wane wata ya fi ke nan? Sannan kuɗi fa, dala zan riƙe ko kati?

Alhaji Ɗanlami:
Yanayinsu a juye yake. Disamba zuwa Maris zafi ne da ruwan sama mai ƙarfi, Rio takan kusa digiri 40. Yuni zuwa Agusta sanyi, a Sao Paulo da Foz yakan sauka ƙasa da digiri 10 da dare, gidaje kuma ba abin ɗumama ɗaki. Salvador tana shan ruwa daga Afrilu zuwa Yuni. Satumba da Oktoba sun fi dacewa da wuraren nan huɗu gaba ɗaya. Mai son namun daji ma lokacinsa ke nan, amma Pantanal zai nufa, ba Amazon ba: a can fili ne, ruwa ya janye, ana ganin damisar jaguar a gaɓar kogi wajen Porto Jofre. A Amazon daji ya rufe komai, sai dai ka ji kuka.

Kuɗinsu real ne, dala ba ta sayen komai a shago sai an canza, kuma canjin filin jirgi shi ya fi muni. Kati yana aiki kusan ko'ina, har wurin mai sayar da kwakwa a bakin teku. Sai dai katin naira yana da iyakar abin da banki ya yarda a kashe a waje, don haka katin asusun dala ya fi, ka sanar da banki kafin ka tashi. In mai na'ura ya tambaye ka "crédito ou débito", ce crédito ko da naka na cire kuɗi ne, in ba haka ba sau da yawa na'urar ƙin karɓa take. Duba adadin da aka danna kafin ka sa lambar sirri. ATM a yi amfani da na cikin banki ko babban kanti, da rana, don da dare ana rage abin da za a iya cira. Tsabar kuɗi in ta haura dala 10,000 sai an bayyana wa kwastan.

'Yan ƙasa da Pix, tsarin tura kuɗi ta waya, suke biyan komai, kai ba za ka samu ba sai da asusun banki na can. Akwai kuma lambar haraji, CPF, da ake tambaya wajen sayen layin waya ko tikitin bas a intanet. Baƙo yana iya nemanta ta ofishin jakadanci, in ba ka son wahala sayi eSIM tun daga gida, tikitin bas kuma ka yanka a tasha da fasfo.

Sao Paulo filin jirgi uku gare ta. Na ƙasashen waje Guarulhos ne, GRU a tikiti. Congonhas, CGH, yana cikin gari, Viracopos, VCP, yana Campinas kusan kilomita 100. Mutum ya sauka a GRU, ya sayi tikitin Foz mai tashi daga CGH bayan awa biyu, cunkoso ya cinye shi. Rio ma biyu ne, Galeão da Santos Dumont. Tikitin cikin gida mafi araha na LATAM ko Gol ko Azul bai haɗa da babbar jaka ba, ka biya ta kilo 23 tun a intanet, a filin jirgi ta fi tsada. Sao Paulo zuwa Rio kilomita 430 ne, bas daga tashar Tietê awa shida, mai kujerar kwanciya ana ce masa leito. Ka shiga da rigar sanyi, na'urar sanyinsu ba ta da tausayi.

Injiniya Sani:
Wuta kuma: soket ɗinsu mai ramuka zagayayyu ne, filoginmu mai ƙafa uku masu kusurwa ba ya shiga, a tafi da adafta. Ƙarfin wutar ba ɗaya ba ne, Rio da Sao Paulo da Salvador galibi volt 127, Brasília da Recife 220. Cajar waya da kwamfuta ba ruwansu, amma dutsen guga ko hitar shayi ta gida a kan 127 sai dai ta yi ɗumi. Shawa kuma a ƙananan masaukai wutar a kanta take, da wayoyi a sama. Kashe ruwa kafin ka taɓa makunnin zafi.

Alhaji Ɗanlami:
Saura biyu, kuma na biyun ya fi duk abin da aka faɗa nauyi. Na farko, kilishi, dambun nama, ɗanyen goro, iri da 'ya'yan itace, jami'an aikin gona a Guarulhos suna ƙwacewa, in ka ɓoye kuma ga tara. Na biyu, saƙo. Hanyar Sao Paulo zuwa Addis Ababa zuwa Legas ko Abuja sananniyar hanyar hodar iblis ce, NDLEA ta sha kama mutane a kanta. Dokar Burazil shekara 5 zuwa 15 ce, ana ƙarawa in tsallaka ƙasa za a yi da ita. Za a sami wanda zai yi maka kirki a kasuwar Brás ko Rua 25 de Março, ya yi maka tafinta, ya kai ka inda takalma da kayan yara suke araha, ranar tafiya ya ce ga ɗan takalmi ko gwangwanin man shafawa ka kai wa ƙanwarsa. Kada ka karɓa, ko da Hausa ya roƙe ka. Jakarka kai za ka shirya ta, ka sa a naɗe ta da leda a filin jirgi, ka ɗauki hotonta da nauyinta a kan sikeli kafin ta wuce.

Nura Gwale:
Allah ya saka da alheri. Na cire Amazon da Ajantina. Alhaji, tikitin dawowa daga Salvador zan yanka ko sai na koma Sao Paulo?

Alhaji Ɗanlami:
Sai ka koma Sao Paulo, jirgin Habasha da na Angola daga Guarulhos suke tashi. Jirgin Salvador zuwa can awa biyu da rabi ne. Tunda tikiti biyu ne daban, in na farko ya makara na biyun ba zai jira ka ba, ba kuma wanda zai biya ka. Ka dawo kwana ɗaya kafin ranar, ka kwana kusa da filin, sayayyar Brás ma ka bar ta sai ranar don kada ka yi ta biyan kuɗin kaya a jiragen cikin gida.